Ban Taɓa Ƙetare Iyaka Ba, Maigidana Yana So Mu Fara Da Jirgin Ruwa

Assalamu alaikum Yaya. Ni matar aure ce mai shekara 33. A Makka aka haife ni, a Jidda nake aure, muna da 'ya'ya uku: babban yana da shekara 9, mai bi masa 6, auta kuma 2. Tun da nake ban taɓa fita daga Saudiyya ba, ko Najeriya da nake riƙe da fasfonta ban taɓa taka ƙasarta ba, iyakata Madina da Ɗa'if. Maigidana ya daɗe yana tara 'yan kuɗi don ya fitar da mu mu sha iska, sai ga shi ya ga tallar wani jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga Jidda ya kwana huɗu a Bahar Maliya, ya yada zango a Sharm al-Shaikh ta Masar. Ya ce abin da ya tara, wajen riyal 9,000, zai ishe mu, kuma saura mako guda rangwamen da aka yi ya ƙare.

Da na gaya wa Hajiyarmu sai ranta ya ɓaci. Ta ce kakarmu a jirgin katako ta ƙetaro daga Sawakin ta Sudan, har ta rasu ba ta daina ba da labarin wuyar da suka sha ba. Ta tuna mini jirgin nan da ya nutse da Misirawa shekarun baya, ta ce mai hankali ba ya biyan kuɗi don ya kwana a kan ruwa, kuma in fitar za mu yi, Kano ya kamata mu fara zuwa yara su ga danginsu. Ni kaina in muka hau hanyar Hada, mai hawa dutse zuwa Ɗa'if, jiri yake kama ni har in yi amai. Ina kuma tsoron abin da zan tarar a cikin jirgin na kiɗa da shigar banza, da yadda salla za ta kasance. Ba na son in kashe wa maigidana gwiwa, ba na kuma son in saɓa wa Hajiya. Yaya zan yi?

Ƙanwarki daga Jidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, ya kuma saka wa maigidanki da alheri bisa wannan niyya tasa.

Ga wanda bai saba tafiya ba, gajeriyar tafiyar jirgin ruwa irin wannan tana cikin mafi sauƙin hanyoyin fara fita waje. Tashar tana cikin garinku, babu hawa jirgin sama, babu neman masauki a garin da ba ki san kowa ba, ɗakin da kika sauke kayanki ranar farko shi ne naki har ki dawo, abinci yana nan safe da rana da dare, kuma ko abin bai yi miki daɗi ba, kwana huɗu ne ki dawo ɗakinki. Don haka ba zan ce miki kada ki je ba. Sai dai wasiƙarki ta tsaya a kan teku da jiri da fushin Hajiya, ta tsallake abin da ya fi su duka iya hana tafiyar ko cinye kuɗin a banza, wato takardu, kuma da su nake so ku fara tun kafin riyal ɗaya ya bar hannun maigida.

Na fahimci cewa iƙamarki, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da ta yaran suna ƙarƙashin tasa. Duk mai iƙama da zai ƙetare iyaka, ta sama ko ta ƙasa ko ta ruwa, sai an ciro masa huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, kuma kowane mutum da tasa, har da auta. Ta fita sau ɗaya riyal 200 ce ga wanda ba zai wuce wata biyu ba, ku biyar riyal 1,000 ke nan tun ba a taka jirgi ba. Taki da ta yara maigida ne zai ciro ta manhajar gwamnati ta Absher, tasa kuma tana da alaƙa da wurin aikinsa, don haka sai ya tabbatar da hutunsa tukuna. Ba ta fitowa sai iƙama tana da sauran kwana, an biya kuɗin murafiƙin, wato kuɗin wata-wata da ake biya a kan iyalin mai iƙama, babu tarar laifin tuƙi da ke kan mutum, an kuma ɗauki hoton yatsun duk yaron da ya kai shekara 6, kin ga mai bi wa babban ma ya shiga sahu. Idan kuwa aka ciro ta aka fasa tafiya, a soke ta kafin wa'adinta ya cika, domin barin ta ta mutu haka nan yana jawo tarar riyal 1,000.

Daren yau ki ɗauko fasfunan nan biyar ki duba ranar ƙarewar kowanne da idonki. Fasfon wanda ba ya tafiya a durowa yake kwana, ba a tuna shi sai sabunta iƙama ta zo, kuma sau da yawa a nan ake shan mamaki. Kamfanonin jiragen ruwa da ƙasashen da ake sauka suna son fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa. In akwai wanda ya gaza haka, sai an sabunta shi a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda, ana bukatar lambar NIN, kuma wannan ba aikin da ake ɗaura wa mako guda ba ne.

Sai babbar tambayar, bizar Masar. Za ki ji wasu na cewa Sharm ba ta bukatar biza, hatimi kawai ake bugawa. Wannan gaskiya ne ga 'yan wasu ƙasashe, amma fasfon Najeriya ba ya cikinsu, kuma sassaucin da ake yi wa wasu mazauna ƙasashen yankin nan yana da sharuɗɗansa. Kada ku dogara da abin da abokin aikin maigida ɗan ƙasa ko Bamisire ya gaya masa, domin fasfonsu daban, naku daban. Kada kuma ku ce ai sai mu zauna a cikin jirgi mu ƙi sauka, domin kamfanoni da yawa ba sa barin wanda ba shi da bizar ƙasar da za a yada zango ya hau tun daga tashar farko, kuma wanda aka mayar daga bakin ƙofa saboda takardu ba a mayar masa da kuɗinsa. Maigida ya rubuta wa kamfanin, ya faɗi irin fasfonku, da sana'ar da ke kan iƙamarsa, da shekarun yara, ya nemi amsa a rubuce kan abin da ake bukata, sannan ya gaskata ta a ofishin jakadancin Masar da ke Jidda. Amsar baki ta wayar tarho ba ta tsaya wa kowa a gaban jami'in jawazat, wato hukumar shige da fice. Rangwamen mako guda kuwa kada ya ɗaga muku hankali, wani yana tafe a bayansa, kuma sauri kan haifi nawa.

Batun jiri ya fi sauƙi fiye da yadda kike zato, ko da yake ba zan ce miki babu shi ba. Abin da ke faruwa a hanyar Hada shi ne mota tana karya kwana bayan kwana tana hawa, cikin kunnenki yana jin motsi iri ɗaya, idonki yana ganin wani iri, sai kai ya rikice, ciki ya biyo baya. Babban jirgi ba haka yake motsi ba. Ki ɗauki AROYA misali, jirgin da kamfanin Cruise Saudi ya fara tafiyarwa daga Jidda a Disambar 2024: a Jamus aka ƙera shi a 2017, tsawonsa mita 335, ya fi filin ƙwallo uku a jere, yana ɗaukar fasinja sama da 3,000, kuma irin waɗannan jiragen suna da fikafikan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa da ake buɗewa don rage tangaɗi. A yawancin lokaci sai mutum ya leƙa waje yake tuna cewa tafiya ake yi. Amma iskar arewa tana yawan kaɗawa a arewacin Bahar Maliya, can kuma kuka nufa, kuma wanda mota ke sa wa jiri ya fi kusa da jin na ruwa, saboda haka ki sa a ranki cewa za ki iya samun dare guda marar daɗi.

Rigakafinsa tun daga zaɓen ɗaki ne. Ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, domin goshi da wutsiya da hawa na sama su suka fi lilo, kuma mai taga ya fi marar taga ga mai jiri. Ki je kantin magani a ba ki maganin jirin tafiya, ki sha kamar sa'a guda kafin jirgi ya ɗaga, kada ki bari sai zuciya ta fara tashi. Yana sa barci, ki san da wannan. Ki riƙe citta, kada ki zauna da yunwa, kada kuma ki cika ciki da maiƙo a daren farko. Da kin ji kai ya fara juyawa, ki ajiye waya, ki fita inda iska take, ki kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. In kina shayarwa ko kina zaton juna biyu, sai likita ya zaɓa miki magani, kuma ki sani galibin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai shiga mako na 24 kafin a dawo. In kina son gwada kanki, ku je bakin ruwan Abhur da ke arewacin Jidda wata Juma'a da yamma ku shiga ƙaramin jirgi na sa'a guda. Ƙarami ya fi babba rawa nesa ba kusa ba, don haka in kin jure shi kin gama da wannan tsoron, in kuma ya wahalar da ke, ba shi ke nuna babban zai yi miki haka ba.

Yanzu Hajiya. Ina roƙonki kada ki ɗauki maganarta a matsayin tsoron tsofaffi kawai. Mutanenmu da yawa sun taka daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙodago don neman guzuri, sannan suka ƙetaro daga Sawakin a jiragen katako masu tafiya da iska, cunkushe, da ɗan ruwan sha kaɗan, kuma ba duk wanda ya shiga ya fito ba. Hajiya a bakin mahaifiyarta ta ji wannan, ba a littafi ba. Jirgin da ta tuna miki kuwa Al-Salam Boccaccio 98 ne, wanda ya tashi daga Duba a arewacin gaɓar Saudiyya zuwa Safaga ta Masar a Fabrairun 2006 da mutane kusan 1,400, fiye da 1,000 suka rasu. Duk wanda yake ƙasar nan a lokacin bai manta ba. Wanda maciji ya taɓa sarar nasa, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Ga abin da ya kamata ke ki sani, ko da ba duka za ki zayyana mata ba. Wancan tsohon jirgin jigila ne da aka ƙera a 1970, mai ɗaukar motoci a cikinsa. Wuta ce ta tashi a wajen motocin, ruwan da aka yi ta zubawa don kashe ta ya taru ya rasa mafita har ya karkatar da jirgin. Jirgin shaƙatawa ba shi da irin wannan buɗaɗɗen falon motoci. Ba wai ba ya haɗari ba ne, domin a 2012 Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya mutum 32 suka mutu, kuma bayan wannan ne aka tsaurara doka cewa a nuna wa kowane fasinja wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Ranar da kuka hau, ku je wannan atisayen da yaranku, kada ku ɗauke shi wasa. Idan kuma wani ya kawo mata labarin hare-haren da aka fara kai wa jiragen ruwa a ƙarshen 2023, galibinsu can kudu ne wajen Babul Mandab kusa da Yaman, ku kuwa arewa kuka dosa.

Amma uwa ba a shawo kanta da lissafi, kuma wannan ba maganar waya ba ce. Ku shirya ku je Makka ku da maigida, ku wuni, a ci abinci, sannan shi ya buɗe maganar da bakinsa, domin suruki in ya zo ya durƙusa ya ce shawara da addu'a ya zo nema, nauyinsa daban ne da na 'ya mai cewa mun riga mun yanke. Ku nuna mata hoton jirgin da kwale-kwalen ceton da ke jere a gefensa, ku gaya mata ranar tashi da ranar dawowa, ku yi mata alkawarin saƙon murya safe da yamma. Ku bar ta ta sake ba da labarin kaka daga farko har ƙarshe ba tare da an katse ta ba. Maganarta ta Kano kuwa, a ganina tana da gaskiya, kuma nan ne asalin ciwon: tana tsoron jikokinta su fara sanin Masar kafin su san gidan kakanninsu. Riyal 9,000 da wuya su kai mutum biyar Kano su dawo da su, balle a yi zancen tsaraba, don haka tafiyoyin biyu ba kishiyoyin juna ba ne. Abin da zai kwantar mata da rai shi ne a sa wa Kano lokaci, a ce hutun makaranta na shekara kaza, a fara ajiye kuɗinta daban ta gani. Takardun da za ku gyara yanzu ma su ne za su kai ku can.

In bayan duk wannan ta ce Allah ya kiyaye hanya, ko da fuska a ɗaure, izini ne, ku karɓa. In kuwa ta ce ba ta yafe ba, tana kuka, to ni shawarata ku ɗaga tafiyar zuwa wani zagayen. Kina da damar bin mijinki, babu mai musun wannan, amma shaƙatawa ba farilla ba ce, kuma ba za ki ji daɗin kwana huɗun ba in kin bar ta a haka.

Game da salla da yanayin cikin jirgi, abin ya danganta da jirgin da kuka zaɓa, ba ki kuwa faɗi sunansa ba. Jiragen kamfanonin Turai, waɗanda wasunsu suka fara tashi daga Jidda tun 2021, galibi suna da mashaya da gidan caca. AROYA an tsara shi ne don iyalan yankin nan, babu giya, babu caca, abinci halal ne, akwai wuraren salla. Duk da haka kada in ruɗe ki, akwai kiɗa da wasannin dare a can ma, kuma a bakin wurin ninkaya za ki ga shigar da ba irin taki ba. Jirgi yana da faɗi, babu mai tilasta miki zama inda ranki bai kwanta ba, kuma da abayarki da niƙabinki ba za ki zama bare ba. Salla a jirgin ruwa tsohuwar mas'ala ce da malamai suka gama da ita: a tsaye ake yin ta sai in mutum ya ji tsoron faɗuwa ko nutsewa, a fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya a juya tare da ita gwargwadon iko. Ku matafiya ne, kuna da rangwamen ƙasaru. Ki lura alƙiblar da kika saba da ita a Jidda ta gabas ce, amma kuna yin arewa za ta koma kudu maso gabas, don haka ki duba kafin kowace salla, ki kuma sauke jadawalin lokuta a waya tun kina gida. Addu'ar Annabi Nuhu da ke aya ta 41 a Suratu Hud, ki koya wa yaran su karanta wa Hajiya kafin ku tafi.

Sai kuɗi, kuma a nan ina so ki yi wa maigidanki adalci. Namijin da ke biyan riyal 400 kowane wata a kan kowane ɗayanku, wato 1,600 ku huɗu, ga haya ga makaranta, amma ya iya matse 9,000 ya ce don ku huta, ba ƙaramin abu ya yi ba, kuma in kika tare shi da jerin matsaloli zai ji kamar kyautarsa kika raina. Ki fara da cewa kin yarda kuma kin gode, sannan ki ce ku zauna ku yi lissafin tare. Farashin da ake gani a talla yawanci na mutum ɗaya ne a ɗaki mafi araha. Ku tambaya ko kuɗin hidimar ma'aikata, wanda ake lissafawa a kan kowane mutum kowane dare, yana ciki ko a waje. Intanet kuɗinsa daban, fita yawo a Sharm daban, wasu wuraren cin abinci da lemuna da hotuna daban, asibitin cikin jirgi ma biya ake yi, kuma inshorar lafiya ta wurin aiki ba lallai ta bi ku waje ba, don haka ku sayi inshorar tafiya, ba ta da tsada in aka kwatanta da abin da take tarewa. A cikin jirgi ba a miƙa tsabar kuɗi, katin ɗaki ake dannawa, shi ya sa mutum ba ya jin fitar kuɗin sai daren ƙarshe da takardar lissafi ta iso. Ku sa a toshe saye a katin yara. Da jirgi ya bar gaɓa kuma ku rufe layukan wayarku, ku tsaya a kan intanet ɗin da kuka saya, domin layin tsakiyar teku ta tauraron ɗan adam yake bi, kuɗinsa kuwa ba a magana. Idan bayan an haɗa duk wannan da huruj wa auda da biza abin ya tsaya cikin 9,000, kuma ba kuɗin sabunta iƙama ko na haya aka taɓa ba, bismillah. Idan sai an ci bashi ko an shiga biya kashi-kashi, ku dakata.

Akwai wata dabara da za ta rage muku abubuwa da dama lokaci guda. Yawancin ɗakunan jirgi mutum huɗu suke ɗauka, na biyar yana tilasta ɗaki biyu ko babban ɗaki mai tsada. Auta mai shekara 2 ba za ta tuna tafiyar ba, ba a barin mai kunzugu ya shiga ruwan ninkaya, wuraren wasan da ake barin yara a hannun masu kula galibi daga shekara 3 suke karɓa, ke nan a hannunki za ta wuni, ga ki da jiri. In an yaye ta kuma ta saba da Hajiya, ki roƙi Hajiya ta riƙe miki ita. In kuma ba za ki iya rabuwa da ita ba, ku tafi tare, amma ku guji ɗaki mai baranda. Manyan biyu su ne za su fi kowa morar tafiyar, sai dai a kafa musu doka tun a gida: babu hawa kan shingen gefen jirgi, babu shiga ruwa sai babba yana tsaye, kuma kowa ya haddace lambar ɗaki.

Ranar sauka a Sharm, ku bi motar yawon da kamfanin ya shirya ko da ta ɗan fi tsada, domin in ta makara jirgi yana jiranta, wanda ya fita da tasi ta kansa kuwa in ya makara sai dai ya hango jirgi yana tafiya, ga shi a ƙasar da bai sani ba. Ku bi agogon jirgi, kada ku bi na waya, domin a lokacin sanyi Masar tana bayan Saudiyya da sa'a guda, waya kuma tana iya sauya kanta ba ku sani ba. Sharm garin 'yan yawon buɗe ido ne, bakin ruwanta ba zai yi miki daɗin kallo ba, amma akwai ƙananan jirage masu gindin gilashi da yara za su ga murjani da kifaye kala-kala ba tare da sun jiƙa ba, akwai kuma Masallacin Sahabbai a tsohuwar kasuwa inda za ku yi azahar ku sayi tsarabar Hajiya. In aka yi muku tayin doguwar tafiya mai haɗawa da Aƙaba da Petra a Jodan, ku bar ta sai gaba: wata bizar ce kuma, ga tafiyar mota ta kusan sa'a biyu zuwa, biyu dawowa, ga doguwar tafiyar ƙafa a cikin duwatsu.

Idan bizar Masar ta ƙi, ko lissafi bai fita ba, tafiyar ba ta mutu ba. Akwai gajerun tafiye-tafiye daga Jidda da ba sa fita ruwan Saudiyya, ana kwana kamar uku a je wani tsibiri a dawo, babu bizar wata ƙasa, kuɗin ya fi sauƙi, kuma ga mai gwada teku karon farko ni wannan ma na fi so miki. Hajiya ma za ta fi saurin yarda in ta ji ba a bar ƙasar ba. Su ma ku nemi a rubuto muku takardun da mai iƙama zai riƙe. Ku duba jadawali da kyau, domin jirgin ba ya zama a Jidda duk shekara, a bazarar 2025 ma Istanbul ya koma, kuma tsakanin Nuwamba da Maris ne zafi ke raguwa har mutum ya iya zama a waje da rana. In kuwa ruwan ne gaba ɗaya bai kwanta miki ba, ku ɗauki mota ku bi gaɓa zuwa Yanbu ko Umluj ku kwana biyu, ragowar kuɗin ya shiga asusun Kano.

Abu ɗaya ban gani a wasiƙarki ba. Kin gaya mini abin da maigida yake so da abin da Hajiya take tsoro, amma ba ki ce ke kina son zuwa ko ba kya so ba. Ki yi istihara, ki tambayi kanki: da Hajiya ta yi murna tun farko, da takardu a shirye suke, za ki ji ɗoki ko za ki ji nauyi? In ɗoki ne, duk abin da na lissafa aiki ne na 'yan makonni, ku kama shi ɗaya bayan ɗaya. In nauyi ne, ki gaya wa maigidanki da bakinki cewa ke ce ba ki shirya ba, kada ki ɓuya a bayan Hajiya, domin in ya zaci ita ta hana shi abin da ya daɗe yana buri, kin shuka tsakaninsu abin da zai daɗe bai mutu ba, alhali ba laifinta ba ne.

In amsar kamfanin kan biza ta zo muku a dunƙule ba ku gane ta ba, ki turo mini ita yadda take, tare da ranakun ƙarewar fasfunan, mu duba tare kafin ku biya. Ki gaishe mini da Hajiya da yaran. Wassalam.